Ƙidayar marasa lafiya da binciken tushen ciwo: sharhi kan kundayen kammala karatu

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan sharhi muna son mu duba alkiblar da binciken manyan ɗalibai na fannin lafiya ya ɗauka a Yamai. Wanda ya buɗe kundayen da ake rubutawa don samun digirin lokotoro zai tarar cewa da yawansu tafiyarsu ɗaya ce: mutum nawa suka kamu, maza nawa, mata nawa, wace alama aka gani, wane magani aka ba da. Wannan aiki yana da amfani, ba mu musanta ba. Abin da muke kuka da shi shi ne, tambayar yadda ciwo yake aiki a cikin jiki, da dalilin da ya sa yake aiki haka, ba kasafai ake yin ta ba. Misalai biyu za su nuna abin da muke nufi.

2. Sanƙarau

Tun 1963 Lapeyssonnie ya zana iyakar ƙasashen da sanƙarau yake addaba, kuma Nijar tana tsakiyarsu. Ƙwayar cutar tana lulluɓe da wani ɓawo na sukari, kuma da wannan ɓawo ne ake rarrabe ire-irenta: A, C, W, X. Tsohuwar allurar rigakafi, wadda aka yi da sukarin kaɗai, ba ta daɗewa a jikin ƙananan yara, don jikinsu ba ya riƙe tunawa da ita. Da aka ɗaura sukarin a kan furotin, aka samu MenAfriVac, wadda aka soma yi a Nijar a 2010, sai nau'in A ya kusan ɓacewa. A 2015 kuma annobar nau'in C ta faɗa wa Yamai.

Ƙidayar masu taurin wuya da zazzaɓi ba za ta nuna wannan sauyi ba, tunda alamomin iri ɗaya ne. Awon ruwan ƙashin baya ne ya nuna shi, musamman dabarar PCR da cibiyar CERMES ta Yamai ta soma aiki da ita a 2002. Da ita ne kuma aka bi sawun nau'in X a 2006. Wato ke nan kayan aikin suna cikin garin. Abin tambaya shi ne ɗalibi nawa karatunsu yake kai su gare su.

3. Amosanin jini

A 1949 Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa emoglobin na mai amosanin jini daban yake. A 1957 Ingram ya gano bambancin: a gurbi na 6 na sarƙar beta, valin ta maye wurin asid glutamik. Idan iskar oksijen ta ragu, emoglobin ɗin yakan dunƙule, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ɗalibanmu sun hardace wannan bayani. Amma me ya sa yara biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya yana kwana asibiti kowane wata, ɗaya kuwa yana shekara lafiya? An san yawan emoglobin na tayi da ya rage a jini yana sassauta ciwon. Auna wannan a jinin yaran Maraɗi da Damagaram aikin kundi ne cikakke, kuma sakamakonsa yana iya canza yadda ake kula da su.

4. Kammalawa

Ba ƙwazo ɗaliban suka rasa ba. Ƙidaya daga rajistar asibiti ba ta cin kuɗi, awo kuwa yana bukatar sinadarai, da firji, da wutar da ba ta yankewa. Duk da haka muna ganin abu biyu suna yiwuwa. Na farko, a haɗa kowane ɗalibi da wani ɗakin bincike tun shekarar da ya zaɓi jigonsa. Na biyu, a nemi ya rubuta taƙaitaccen bayanin kundinsa da Hausa ko Zabarmanci. Wanda ya iya bayyana wa uwa, da harshenta, dalilin da ya sa ɗan da aka yi wa allura a 2010 ya kamu a 2015, shi ne za mu yarda ya fahimci abin da ya karanta.