Teburin rauta ba madubin amarya ba ne

Wai ni kam, 'yan uwana kafintoci, wa ya ce muku teburin rauta sai ya yi sheƙi? Yanzu duk wanda ya haɗa nasa a shago sai ya kwarara masa ruwan efoksi, ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, ana ta Masha Allah. To, an yi Masha Allah. Saura aiki.

Abu biyu ake nema a saman teburin nan: ya kwanta sumul ba tudu ba kwari, katako kuma ya zame a kansa ba gardama. Bakin rauta kan yi juyi dubu 20 ko fiye a minti ɗaya. Katako ya ɗan turje, hannunka ya tsaya, shi ke nan bakin ya ƙona wurin, sai ka koma bin baƙin tabo da samfefa. Shi kuwa sheƙin nan riƙe faffaɗan katako yake yi, ga saurin karcewa. Duk tsakuwar da ta maƙale a jikin katako sai ta ja masa layi. Banish mai kauri ma haka, in bai gama bushewa ba ya dinga danƙo a zafin bazara.

Me Formica ta yi muku ne? Tun 1913 ake yin ta a Amurka, har yau ba ta gaza ba. Ku sayi fara marar sheƙi, ku manna da Evo-Stik a kan MDF ko filawud mai kauri, sama da ƙasa. Na ce sama da ƙasa! Wanda ya yi rowar ta ƙasa, damina da hunturu za su lanƙwasa masa tebur. Ku toshe gefuna har da ramin da rauta ke zama, domin MDF in ta sha ruwa kumbura take, ba ta komawa. A kan Formica kuwa, ka yi alama da fensir ka goge. Gam ya ɗiga ka ɓamɓare.

Na yarda, efoksi na hana ruwa shiga, kuma yana kyau a teburin falo. To a kai shi falon.

Wanda aljihunsa bai kai Formica ba, ya shayar da MDF ɗin banish mai ruwa-ruwa har ta ƙoshi, ya goge da samfefa mai laushi, ya murza kaki. Amma don Allah ban da man goge mota mai silikon. Yana bin jikin katako, ranar feshi fenti ya ƙi kamawa, mai kaya ya zo yana muku faɗa.