Daren da Ke Raba Kunun Zaƙi da Burkutu

Idan sanyi ya kankama a Turai, masu haɗa giya a gida kan dafa wata mai ƙarfi, su zuba mata 'ya'yan ceri da kirfa da kanumfari, su ajiye ta don Kirsimeti. Mutumin Lafagu, a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, zai ce ba ruwan biri da gada, kuma ta fuskar addini ya yi gaskiya. Amma ta fuskar sana'a, fito da zaƙi daga hatsi, da rina abin sha ya yi ja, da gyara shi da kayan yaji, babu wanda matan wannan yanki ba su iya ba. Inda aka rabu shi ne wajen jira.

A dubi kunun zaƙi na asali, wanda ba ruwansa da sukari. Ana jiƙa gero ko dawa, a markaɗa da citta da kanumfari da busasshen dankali, a raba ƙullun biyu. Kaso mafi yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri. Sai ya huce har yatsa zai iya jure zafinsa, sannan a zuba ɗanyen kason, tare da garin tsiro na dawa ko shinkafa, a rufe ya kwana. Da safe abin da ya yi kauri jiya ya tsinke, ya yi zaƙi. Tsiron ne ya yi aikin, domin hatsin da ya fara tsira yana ɗauke da sinadarin da ke mai da sitaci sukari. Idan aka zuba shi da zafi sosai, sinadarin ya mutu, kunun ya fito lami. Shi ya sa gwana ba ta gaggawa a wannan gaɓa.

Mai burkutu ma daga nan take farawa. Ta jiƙa dawa, ta baza, ta rufe da ganye tana yayyafa ruwa kwana uku ko huɗu har ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta bari ya yi tsami, ta sake dafawa. Sai ta ƙara mataki guda da mai kunu ba ta ƙarawa: ta zuba ragowar tsohon haɗi, ta bar shi kwana ɗaya ko biyu yana kumfa har sukarin ya koma abin maye. A tsallaken iyaka, arewacin Jamhuriyar Benin, wajen su Segbana da Kandi, irin wannan giyar dawa ana kiranta cukutu, kuma a fili ake sayar da ita a ƙwarya. A Kebbi kuwa, tun da aka ƙaddamar da shari'a a 2000, sana'ar ba ta da wannan sarari.

Malamanmu sun daɗe da sanin cewa tazarar da ke tsakanin jiƙo mai zaƙi da abin maye ba ta da yawa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta wurin da aka hana jiƙa abin sha a cikin gorar duma, aka kuma hana haɗa iri biyu a jiƙo ɗaya. Dalilin da masu sharhi ke bayarwa na mai lura da tukunya ne: waɗannan suna sa jiƙo ya juya da wuri, mai shi bai ankara ba. Matan gida suna da nasu fiƙihun a aikace. Kunun zaƙin da ya fara tsartsatsin kumfa, ko gorar da aka buɗe ta yi huci, ba a miƙa wa baƙo.

Ja kuwa, namu zoɓo ne. Yakuwa tana isa girbi ne daidai shigowar hunturu, wajen Nuwamba zuwa Disamba, a ɓare furen a shanya. A Benin bisaf suke ce masa. A Jamaika, inda cinikin bayi ya kai mutanen Afirka ta Yamma, shi ne abin shan Kirsimeti, da citta da kanumfari, wasu su ƙara barasa. Mu kuma mun mai da shi na shan ruwa da Sallah da suna da biki.

A nan ne nake da ƙorafi. Zoɓon da ya cika kasuwa yau, daga Illo har Birnin Kebbi, an fi dogara ga ƙanƙara da sukari da garin ɗanɗano na leda wajen sayar da shi. Sanyi yana ɓoye aibi, ko ruwan bai ji fure ba za a sha. Alhali gwanintar tana cikin kayan yaji: citta da za ta ɗan kama maƙogwaro, kanumfari kaɗan don kada ya danne ƙamshin furen, masoro ko kimba ga mai son zafi, ɓawon abarba idan an samu. Wasu suna jefa kanwa don kashe tsami, sai jan ya rikiɗe ya yi duhu, ɗanɗanon ya kwanta. Ni dai ban ga ribar hakan ba.

Kuma abin mamaki ne a ce muna da abin sha mai citta da masoro, wanda furensa ke nuna da shigowar sanyi, amma mun ware shi ga watannin bazara. A Masar da Sudan, karkade da zafinsa ake shansa kamar shayi idan gari ya yi sanyi. Masunci da ke fita kogin Kwara da asubahin Janairu, hazo ya rufe gaɓa, ya fi kowa buƙatar zoɓo mai ɗumi, amma teburin mai shayi Lipton kawai zai ba shi.