Ma'aunin Hume: Nazari A Kan Babinsa Na Mu'ujiza

A shekarar 1748 David Hume, masanin falsafa na ƙasar Sikotilan, ya fitar da littafi a kan fahimtar ɗan Adam. Babi na goma na littafin ya ware shi ga maganar mu'ujiza, kuma har yanzu masu shakkar addini a Turai su na jingina da shi. Marubucin ya san tsadar irin wannan magana, gama a 1745 an hana shi kujerar koyarwa a Jami'ar Edinbara bisa zargin rashin imani.

Hujjarsa ga ta a taƙaice. Abin da a ke kira dokar halitta, watau kamar cewa wuta ta kan ƙona, matacce kuwa ba ya tashi, ya tabbata ne ta wurin abin da mutane suka gani ya na maimaituwa ba fashi. Mu'ujiza kuwa saɓa wa wannan ce, kuma yawancin mutane ba su gan ta ba, labarinta suka ji. To, mai ba da labari ya kan yi ƙarya, ya kan kuma ruɗe. Saboda haka sai a ɗora biyun a ma'auni: wanne ya fi wuya, dokar ta karye, ko mai labari ya kuskure? A wurin Hume kullum kuskuren mai labari ya fi sauƙi.

Ƙarfin babin ya na cikin rabinsa na biyu, inda ya bincika halin masu shaida: yawansu, ilminsu, amanarsu, da yadda zuciya ta ke son labarin ban mamaki. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanci ilmin hadisi, domin malaman isnadi sun daɗe su na tambayar adalcin mai ruwaya da ƙarfin kiyayewarsa, su na kuma bambanta labarin mutum guda da mutawatiri. Aibin wannan sashe shi ne raini, gama ya ɗauka cewa labarin da ya fito daga al'ummar da ya kira jahila ya raunana tun daga tushe.

Rauni mafi girma ya na cikin rabin farko. In an ce ba a taɓa ganin dokar ta karye ba, ai an riga an jefar da shaidar waɗanda suka ce sun gani, alhali ita ce a ke shari'a a kanta. George Campbell na Abadin ya tsananta a kan wannan cikin raddinsa na 1762. Hume da kansa ya kawo misalin wani basaraken Hindu da ya ƙi yarda ruwa ya kan daskare don sanyi, ya ce tunaninsa daidai ne. Lalle daidai ne bisa ma'aunin, amma ƙanƙara gaskiya ce. Tarihin kimiyya ya ba da misalin da ya fi wannan. Masana da yawa a Turai sun daɗe su na ƙaryata ƙauyawan da suka ce duwatsu sun faɗo daga sama, har zuwa 1803, sa'ad da duwatsu wajen 3,000 suka zubo kusa da garin L'Aigle a Faransa. Masani Biot ya je ya tambayi mutane, ya duba duwatsun, sa'an nan aka sallama.

Har wa yau akwai tuntuɓe tsakanin wannan babi da sauran littafin. A can Hume ya nuna cewa ido ba ya ganin wani ƙarfi da ya ɗaure sababi da sakamakonsa. Abin da ya ke gani kurum shi ne wannan ya na bin wancan, sabo kuwa ya sa a ke tsammanin maimaici. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga shi ga kusan wannan magana cikin Tahafutul Falasifa, da misalin wuta da auduga, ya kuwa yi ta ne don ya buɗe wa mu'ujiza ƙofa. Ibn Rushd ya mayar masa da cewa wanda ya musanta sababi ya rushe ilmi. Ashe tushe guda ya ɗauki gini biyu masu gaba da juna, Hume kuwa bai tsaya ya warware wannan sosai ba.

Duk da haka mai imani ba shi da dalilin yin guɗa. Duwatsun L'Aigle an karɓe su ne don an riƙe su a hannu an gwada, kuma da aka gane su sai suka shiga cikin dokar halitta, ba su karya ta ba. Mu'ujizar da ta wuce ba ta sake gwaduwa haka. Abin da ya rage wa babin ke nan: ma'auni ne mai kyau na auna labari, ya na tsare mutum daga 'yan damfara da masu saurin gaskatawa. Amma hukunci a kan abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba ya fi ƙarfinsa.