Gidan Wuta Ya Zama Gidan Takarda

A bakin kogin Tems, cikin birnin Landan, akwai wani ƙasaitaccen gini na jan bulo mai bututun hayaƙi huɗu, ana kiransa Batasi. An sa harsashinsa cikin 1929, aka gama rabinsa na biyu cikin 1955. Kwal ake ƙonawa a ciki don a sami lantarki, har akwai lokacin da shi kaɗai ke ba da kashi ɗaya cikin biyar na wutar birnin. Cikin 1983 aka kashe injunansa. Daga baya aka yaye masa rufi da nufin a mai da shi wurin wasa, kuɗi suka ƙare, aka bar shi ruwa na dukansa shekara da shekaru.

Waɗansu kamfanonin ƙasar Maleshiya suka saye shi cikin 2012, aka buɗe shi cikin 2022. Inda dā tukwanen wuta suke, yanzu ofisoshi ne, kamfanin Apple ya kama hawa shida.

To, mai karatu, an kyauta ko ba a kyauta ba? Wajen barin bangon a tsaye, ni dai na ce an kyauta ƙwarai. Kowane bulo da ke jikinsa an riga an ƙona shi, kowane ƙarfe an riga an narka shi, watau wutar da za su ci sun ci tun zamanin kakanni. Da an rushe an sake sabo, da sai an sake hura wata wutar, hayaƙinta kuwa shi ke ƙara wa duniya zafi. Har ila yau magina ba su yi ganda ba. Inda bulo ya ruɓe, sai da suka sa aka yi sabo mai kama da na dā, aka saka wa rufin gilashi don akawu ya sami hasken rana.

Amma fa akwai abin faɗi. Bututun nan huɗu da baƙo ke ɗaga kai yana kallo, ba na asali ba ne. Tsatsa ta ci ƙarfen cikinsu, aka sauke su, aka sake zuba waɗansu kamarsu, aka gama cikin 1917 da ɗari, watau 2017. Wannan da sauƙi, gama lalura ce. Wanda ya fi ci mini rai shi ne dogayen benayen da aka kewaye ginin da su, har mai tahowa ta kudu ba ya ganinsa sai ya iso gindinsa. Gini ne da aka yi don a hango shi daga nesa, ga shi an mai da shi kamar giwa a garke.

Sa'an nan maganar talakawan unguwar. An yi alkawarin gidaje 636 masu araha, cikin 2017 aka rage su zuwa 386, alhali kuwa iyayen waɗannan mutane su suka sha hayaƙin kwal ɗin shekara hamsin.