Gwanayen Kwashe Ƙurar Nukiliya a Fukushima

Ƙurar nukiliya ba ta da wari, ido ba ya ganinta, wuta ba ta cinye ta, sabulu ba ya kashe ta. Iyakar abin da ɗan'adam zai iya shi ne ya gano inda ta maƙale, ya kwashe ta, ya nisanta ta da jama'a. Aikin da ya faɗo wa Japan ke nan bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011 sun lalata tashar Fukushima Daiichi. Iska ta ɗebi ƙurar, ruwan sama ya sauke ta a gidaje da gonaki, har aka kwashe mutanen ƙauyen Iitate mai nisan kusan kilomita 40 daga tashar.

Babban abokin gaba shi ne sinadarin sisiyom-137, wanda sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Amma ma'aikatan sun san lagonsa: da zarar ya haɗu da laka sai ya manne mata gam, bai cika nutsewa ba. Galibinsa yana cikin santimita 5 na saman ƙasa. Saboda haka mai tuƙa motar haƙa sai ya yi ta aske ƙasa kamar wanzami a kan yaro. In ya zurfafa, ya tara tulin ƙasar da babu wurin ajiye ta. In ya yi sama-sama, ya bar guba a baya.

A gida kuwa, daga rufi ake farawa a gangaro, don kada dattin sama ya ɓata inda aka gama. Ma'aikaci zai hau da jiƙaƙƙen tsumma ya goge rufin layi-layi, yana ninke tsumman bayan kowace shafa, domin gefen da ya ɗauki ƙura kada ya sake taɓa wuri. Ya kuma san cewa ruwa ne ke masa jagora: duk inda ruwan sama ya bi ya kwanta, nan ƙurar ta taru. Shi ya sa yake kai na'urar awo bakin indararo, cikin kwata, da gindin bishiya. Yakan auna a tsayin mita 1 don sanin abin da ke samun mai tafiya, sannan ya sunkuya dab da ƙasa don kama ainihin wurin. Bayan an gama a sake aunawa, domin lamba ce shaida, ba rantsuwa ba.

Dabarar gona ta fi burgewa. Tsiro yakan zuƙi sisiyom ne a madadin fotash, don sun yi kama. Sai manoma suka ƙosar da gonakin shinkafa da takin fotash, saiwa ta daina kula gubar. Daga 2012 zuwa 2019 aka riƙa auna kowane buhun shinkafar jihar Fukushima, kimanin buhu miliyan 10 a shekara, kuma tun daga girbin 2015 ba a samu ko ɗaya da ya haura ƙa'ida ba.

Ba a ce an gama ba. Dazuzzuka sun fi ƙarfin hannu, sai mita 20 na bakinsu kusa da gidaje aka share. Ƙasar da aka kwashe, kimanin kubik mita miliyan 14, tana jibge a garuruwan Okuma da Futaba, kuma doka ta ce a fitar da ita daga jihar nan da shekarar 2045. Da yawa daga waɗanda suka tashi ba su koma ba. Duk da haka, a Maris 2017 an buɗe mafi yawan Iitate ga mai son komawa gida, kuma haƙurin masu tsumma da shebur ne ya sa hakan ta yiwu.