Amshi, Rabon Mai Sauraro

Akwai amsar da malaman nazarin waƙa ba sa son ji daga bakin ɗalibi. Idan aka tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wata waƙa, ya ce ai tana tuna masa da mahaifiyarsa, ko da shekarunsa na makarantar kwana, sai a ce masa wannan son rai ne, ya koma ya nemo jigo da salo da zubi da tsari. A wajen makaranta ma akwai masu irin wannan ra'ayi, nasu ma ya fi zafi. A wurinsu waƙa hawa-hawa ce: ta fada a sama, ta makaɗan jama'a na biye, ta Indiya baƙuwa ce, ta fim kuwa ko cikin lissafi ba a sa ta. Duk wanda ya ce Narambaɗa da Nura M. Inuwa suna taɓa masa zuciya, sai a ɗauke shi wanda bai san waƙa ba.

Hukuncin nan bai yi adalci ba. Mutumin ya san abin da yake faɗa, kuma maganarsa tana da tushe a cikin ginin waƙar kanta, a daidai wurin da masu wannan hukunci suka fi saurin tsallakewa, wato amshi.

Tarihin yadda kunnen Bahaushe ya saba da waƙa iri-iri ba shi da tsawo. A da, kowane kiɗa da wurinsa: taushi da kotso a fada, kalangu a wurin biki da mahauta, gangar noma a gayya, ƙwarya a cikin gida tsakanin mata, gaɗa a dandali. Sai an je wurin ake ji. Faifan garmaho ya fara raba waƙa da wurinta, sannan gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya zuba su duka cikin akwati ɗaya, yana kai su har Maraɗi da Damagaram da zangunan Gana. A silimomin Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba, muryoyin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suka shigo. Kaset ya zo ya sa kowa ya zama mai gidan rediyon kansa. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, da kuma Sangaya da ya biyo baya a ƙarshen shekarun, fiyano ya kafa tasa daular. Wanda aka haifa a tsakiyar wannan zamani bai taɓa jin waƙoƙin nan a jere bisa darajar da littafi ya ba su ba. Ya ji su ne a cakuɗe, a teburin mai shayi, a cikin motar haya, a ɗakin amarya.

Kuma ya ji su da sunayen mutane a manne. Shirin Zaɓi Sonka, wanda har yau ba a ba shi haƙƙinsa a nazari ba, shi ne babbar makarantar da ta koya wa jama'a ɗaura waƙa a wuyan mutum. A sayi kati, a rubuta waƙar da ake so, a jero waɗanda ake gaisarwa, a aika, a yi ta jira. Ranar da mai gabatarwa ya karanto sunan wata yarinya da unguwarsu kafin ya saki Haruna Uji da gurminsa, daga ranar waƙar ta zama tata a wurin duk wanda ya san ta. Shekara arba'in bayan haka, ta yi jikoki, amma tsohon da ya aika katin bai daina jin sunanta a gaban kiɗan ba.

To amma me ya sa waƙa take iya riƙe irin wannan kaya, alhali labari ko wa'azi ko jawabi, da aka ji a rediyo ɗaya a rana ɗaya, sun bi iska? A nan ne ya kamata a zauna da Mamman Shata.

Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, bai shahara da zaman shirya waƙa a gida ba. A fili yake yin ta. Masu kalangu su ɗauko kiɗa, ya ba su layi ɗaya gajere, su riƙe. Daga nan shi ya tafi yawonsa: ya yabi mutumin, ya ambaci garinsu, ya tuno wata tafiya, ya yi wa wani habaici, ya roƙi Allah. Ko ya yi layi biyu ko ya yi goma, idan ya sauke murya, 'yan amshi su dawo da layin nan nasu, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa idan aka samu ɗauka biyu na waƙarsa ɗaya, misali ta Umaru Ɗan Ɗanduna, wadda aka naɗa a wurin wasa da wadda aka naɗa a gidan rediyo, za a tarar ɗiyan, wato baitocin da yake zubawa, sun sha bamban. Wani ya shigo, wani ya fita, wani ya sauya wuri. Abin da bai motsa ba shi ne amshin da kiɗan da ke ɗauke da shi.

A lura da abin da wannan tsari yake yi wa mai sauraro. Yayin da Shata yake cikin ɗa, hankali yana wurinsa, domin ba a san inda zai dosa ba. Ana bin maganarsa kamar yadda ake bin mai ba da labari. Da amshi ya faɗo, hankali ya samu hutu. Babu sabon abin da za a fahimta, an riga an san shi tun zagaye na biyu. Baki ya karɓa da kansa, kai ya kaɗa, ido kuwa ya koma kan abin da ke gabansa. Direban da ya taso daga Funtuwa zuwa Gusau da asuba yana amsawa yana kallon hanya da hazon hunturu. Tela yana amsawa ƙafarsa na kan keke, yaron shago na ta hura gawayin dutsen guga. A cikin waƙa ɗaya wannan zai faru sau da yawa, kuma kowane zagaye amshin yana haɗuwa da abin da ido ya gani da abin da hanci ya shaƙa. Ɗa na mawaƙi ne, shi ya san abin da ya zuba a ciki. Amshi kuwa an bar shi da fili, kuma mai sauraro ne yake cika filin da ranarsa.

Akwai kuma jira. Gwanin mawaƙi ya san ana ɗokin dawowar amshi, don haka yakan ja rai. Shata zai kai bakin sauka, mai sauraro ya buɗe baki, sai ya ƙara wani layi, ya sake ƙara wani, kalangu na ta matsawa, sannan ya saki. Daɗin da ake ji a wannan sakin daɗi ne na jiki, ba sai an san ma'anar kalma ba. Wanda ya ji haka yana ɗan shekara goma a kan tabarmar mahaifinsa, jikinsa ya riga ya haddace lokacin sakin, kuma idan ya sake ji yana da furfura, jikin ne yake fara tunawa kafin tunani ya iso.

Makaɗan fada sun bi wata hanyar zuwa wuri ɗaya. A wurin Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, gindin waƙa, wato layin da ake komawa kansa, ya fi na Shata tsawo da nauyi, an zauna an tsara shi, kuma 'yan amshi ba jiran ƙarshen ɗa kawai suke yi ba. Jagora zai fara magana, su karɓe ta daga bakinsa su ƙarasa, muryoyi da yawa a haɗe, sannan a gangaro kan gindi tare. Manazarta sun yi aiki mai kyau a nan. Littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun bambance gindi da ɗiya da hanyoyin karɓi dalla-dalla. Abin da ya rage shi ne a tambayi mutumin da ke wajen fada, wanda bai taɓa ganin sarkin ba, bai san rabin sarakunan da aka jero a nasabarsa ba, me ya sa gindin yake sa shi tuna kakansa. Amsar ba ta cikin tarihin masarauta. Kakan ne yake rera gindin idan yana gyaran sirdi ko yana alwala, domin gindin ne kaɗai abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka ya tafi da shi gida.

Za a ce to Ɗan Maraya Jos fa, wanda ya rayu har 2015 yana waƙa shi kaɗai ba ɗan amshi ko ɗaya? Wanda ya saurare shi da kyau ya san kuntiginsa ne yake amsa masa. Yakan faɗi magana ya yi shiru, tsirkiya ɗaya ta maimaita zagayenta, ya sake faɗi. Gurbin amshi yana nan, kiɗa ne ya zauna a ciki. Shi ya sa masoyansa da yawa, idan suka tashi tuna waƙar Karen Mota, da sautin kuntigin suke farawa da baki kafin kalma ta zo.

Barmani Choge kuwa, Allah ya ji ƙanta, ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ita ce aka fi yi wa rowar nazari. A kiɗan amada babu iyaka tsakanin mai waƙa da masu sauraro. Matan da ke kan ƙwarya suna amsawa, matan da suka zo biki suna amsawa, wadda ke bakin murhu tana juya tuwo tana amsawa daga can. Matar da ta ce waƙar Barmani tana tuna mata da ranar sunan ɗanta na fari ba jin waƙar kawai ta yi a ranar ba, da muryarta aka yi ta. A ce da ita wannan son rai ne, bai shafi waƙar ba, rashin sanin yadda ake amada ne.

Waƙoƙin Indiya su ne suke rusa zancen masu cewa ma'ana ita ce komai. Dubban mutanen da suka cika silima a Kano da Zariya da Jos ba su jin Indiyanci. Amma waƙar fim ɗin Indiya tana da kan da take komawa bayan kowane baiti, kuma shi suka fita da shi a baki, suna lanƙwasa kalmomin yadda harshensu ya ga dama. Da ma'ana ce take riƙe waƙa a zuciya, da babu abin da ya rage musu. Ga shi kuwa har yau akwai dattijon da zai ji muryar Rafi ya tuna keken da ya hau zuwa Fage da abokin da ya goya. Mawaƙan bandiri sun gane ƙarfin abin tun da wuri, suka ɗauki karin waɗannan waƙoƙi suka ɗora musu begen Annabi, aikin da Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi rubutu a kansa. Sun san cewa karin da ya riga ya zauna a zuciya ba ya fita, sai dai a sauya masa abin da yake ɗauke da shi.

Daga nan zancen nanaye, wato waƙar fim, ya zo da sauƙi. Ana zarginta da cewa kwaikwayon Indiya ce, kalmominta ba su da zurfi, kiɗanta na na'ura ne. A cikin zargin akwai gaskiya, domin da yawa daga cikin waƙoƙin ba za su kai baɗi ba, kuma babu mai hankalin da zai ajiye su kusa da Bakandamiyar Narambaɗa ta fuskar sarrafa harshe. Sai dai masu zargin sun manta cewa ba-ni-in-ba-ka tsakanin murya biyu, da komawa kan layi ɗaya da kowa ya iya, 'yan matan dandali suna yin su da tafi tun kafin a gina silima ta farko a ƙasar Hausa. Abin da fiyano ya tarar ne ya hau kai. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta nuna haka a 2020. A lokacin kullen korona, mutane na tsare a gida, matan aure suka riƙa taka ta a gaban mazajensu ana ɗauka a waya, aka yi ta muhawara a kan dacewar hakan. Ko mutum yana cikin masu yabo ko masu suka, waƙar ta riga ta ɗaure da waɗannan watanni, kuma ta hanyar amshinta ta ɗaure.

Inda ya kamata masu kishin waƙar Hausa su kai kukansu daban ne da inda suke kai shi. Fiyano bai kashe komai ba. Abin da ke neman ɓacewa shi ne ɗan amshi mai rai. A situdiyo yanzu sau ɗaya ake rera amshi, mai haɗa sauti ya kwafe shi a kwamfuta ya liƙa a duk inda ake bukata, sau da yawa ma da muryar mawaƙin kansa aka ninka. A faifan Shata kuwa, amshi na ashirin ba ya zama daidai da na farko. Murya ta ɗan dushe, wani ya shigo a makare, wani ya yi dariya saboda habaicin da ya wuce, mai kalangu ya ƙara wuta. Mai sauraro yana jin mutane ne suke amsawa, kuma akwai wurin da zai tsaya a cikinsu. Amshin da aka kwafa yana shiga kai, yana kuma riƙe tunani, amma ba ya gayyatar mutum kamar wancan. Mawaƙan zamani da suke da hali, irin su Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa, waɗanda dama suna jingina da salon fada, babu abin da zai hana su tara mutum huɗu ko biyar a gaban makirufo su amsa waƙa daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Kuɗin da za a ƙara kaɗan ne.

Su kuma sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, da suka tara kundaye masu yawa a kan jigo da salo, lokaci ya yi da za su tura ɗalibai wurin masu sauraro da na'urar naɗar magana: tsofaffin direbobi a tasha, matan da suka yi zamanin amada, 'yan ƙungiyoyin Zaɓi Sonka da suka rage. A kunna musu waƙa, a bar su su amsa, sannan a tambaye su ina suke a ranar da suka fara jin ta, wa ke zaune kusa da su, kuma wane wuri ne a cikin waƙar bakinsu yake buɗewa da kansa. Waɗanda suka ga Shata da idonsu a fagen wasa suna raguwa kowace shekara, kuma da yawansu ba a taɓa yi musu wannan tambaya ba.