Metodis da Baftis a Ƙasar Kano

Metodis da Baftis ɗariƙu ne biyu na Kirista 'yan Furotesta, kuma dukansu suna da majami'u a Sabon Garin Kano. A ƙasar Gezawa da ke karkarar Kano, inda kusan kowa Musulmi ne, sunan duka "coci", ba a cika rarrabewa ba. Amma tsakaninsu akwai saɓani mai tushe, kuma mabiyansu ba sa ɗaukarsa da wasa.

Baftis ce ta girme. Ta faro a 1609 a Amsterdam, a hannun wani Bature ɗan Ingila, John Smyth. Metodis kuwa ta tsiro a ƙarni na 18 daga wa'azin John Wesley, limamin cocin Angilika wanda ya rasu a 1791. A Nijeriya Metodis ce ta riga sauka: Thomas Birch Freeman ya iso Badagry a 1842, Thomas Jefferson Bowen na Baftis ya biyo baya daga Amurka a 1850. Kano kuwa ba Turawan mishan ne suka kawo mata su ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, musamman Yarabawa, suka zo da cocinsu.

Ɗariƙun biyu sun yarda da Littafi Mai Tsarki, da Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da ceto ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu. A kan baftisma ne hanya ta rabu. A cocin Metodis iyaye kan kawo jariri, limami ya yayyafa masa ruwa a ka, masu tsaya masa su yi alkawarin renonsa cikin addini, in ya yi hankali ya tabbatar da bakinsa. Hujjarsu ita ce alherin Allah yana riga mutum, ba ya jiran sai yaro ya iya magana. 'Yan Baftis ba su yarda da haka ba ko kaɗan. A wurinsu sai wanda ya tuba, ya shiga ajin koyarwa, ya furta bangaskiyarsa a gaban ikilisiya. Ranar baftisma fasto yakan shiga ruwa har ƙugu, ya riƙe mutum, ya nutsar da shi gaba ɗaya ya ɗago, alamar binne tsohuwar rayuwa da tashi cikin sabuwa. Jariri addu'a kawai ake yi masa, a miƙa shi ga Allah. Wannan ba gardamar yawan ruwa ba ce. Tambaya ce mai nauyi: haihuwa a gidan masu bi tana shigar da yaro cikin ikilisiya, ko kuwa kowa sai ya shiga da ƙafarsa?

Saɓanin bai tsaya kan baftisma ba. Jibin Ubangiji a wurin Metodis hanya ce ta samun alheri, a wurin Baftis kuma tunawa ce da mutuwar Almasihu. Wesley ya koyar cewa mai bi yana iya ja da baya har ya rasa ceto, yayin da Baftis da yawa ke cewa wanda ya sami ceto na gaske ba ya rasa shi.

Tsarin mulki ma daban ne. Cocin Metodis ta Nijeriya, wadda ta sami 'yancin kanta a 1962, tana da bishop-bishop, kuma daga sama ake tura limami. Kowace ikilisiyar Baftis ita ke kiran fastonta, ta biya shi, ta yanke shawara a taron membobi. Babbar ƙungiyarsu ta Nijeriya, da aka kafa a Ibadan a 1914, haɗin gwiwa ce.

A karkarar Kano, Hausawa Kirista, waɗanda galibinsu daga gidajen Maguzawa suka fito, sun fi yawa a cocin ECWA da na Angilika da na Katolika. ECWA ta fito ne daga mishan ɗin SIM, wanda ya riƙe asibitin kutare na Yadakunya a ƙasar Ungogo, maƙwabciyar Gezawa. Tsohon jagoran SIM, Rowland Bingham, faston Baftis ne, kuma ECWA baligai take nutsarwa, Angilika da Katolika kuwa suna yi wa jarirai. Saboda haka saɓanin nan ya isa ƙauyuka ko inda babu allon Metodis ko na Baftis, kuma yakan taso idan aure ya haɗa gidaje biyu aka zo maganar ɗan fari.